Ranar da Na'ura ta Gaskata Dakta Sadisu

Duk faɗin Dutse babu mai sani irin Dakta Sadisu, kuma ba sai ka tambayi kowa ba, shi zai faɗa maka da kansa. Inda ya samo daktan kuwa, in aka taɓo sai ya gyara hula ya ce maganar doguwa ce. Masu keke napep suna kiransa Gagara-Kwamfuta, shi kuma ya ɗaga musu hannu cikin ƙasaita, don bai taɓa zaton tsokana ce ba.

Wannan bawan Allah ne ƙungiyar manoman Kiyawa da Buji ta roƙa ya duba aikin Munira. Astagfirullah, in gyara: shi ya kai kansa. Munira injiniyar manhaja ce, ta daɗe tana haɗa wa manoman mataimaki na ƙirƙirarriyar basira, a tura masa tambaya ta waya ya amsa. Kamar ɗan aike yake, da kayan aikinsa uku: na duba hasashen ruwan sama, na gane cutar shuka da dabbobi, sai na miƙa tambaya ga mutum in abu ya gagara. Kowanne da ɗan bayani a kansa, kuma bayanin nan kaɗai mataimakin ke karantawa ya san wanda zai ɗauka. Manoman sun ce za su gwada shi kafin shuka. In ya yi su karɓa, in bai yi ba Munira ta naɗe tabarmarta.

Dakta ya iso da jan biro, ya sa aka buga masa bayanan a takarda, don a cewarsa ilimi ba ya zama a gilashi. Ya karanta na farko: "Yana faɗin ko za a yi ruwa a ƙauyen da aka ambata. Ba ya duba cuta."

"Subhanallahi!" in ji shi. "Ba sallama, ba gaisuwa? Sannan ki tsaya gaban baƙo ki faɗi abin da ɗan gida bai iya ba? Wannan ai tonon asiri ne, 'yata. Sifili!"

Ma'aunin Dakta ɗaya ne: bayani mai kyau shi ne wanda in an karanta a gidan biki za a rangaɗa guɗa. Nan take ya share duk wani "ba ya", ya zuba kirari. Na ruwa ya zama "Gawurtacce mai leƙen gabas, yaron gizagizai". Na cuta ya zama "Dodon tsutsa, ba a haɗa ido da kai". Wallahi da daɗin ji, sai dai ko ni ban san me suke yi ba.

Da aka zo na ukun, sai ya tarar Munira ta rubuta cewa kada a taɓa shi sai sauran sun kasa, ta bar gurbin lambar wayar malamin gona. Dakta ya dubi gurbin, tausayin manoma ya kama shi. Ya sa lambarsa, ya rubuta: "Dakta Sadisu, kogin sani. Ruwa ko cuta, gero ko akuya, babu tambayar da ta fi ƙarfinsa. A fara da shi." Ya ba kansa cikakken maki, har da tauraro a gefe.

"Ranka ya daɗe," Munira ta ce, "na'urar fa duk abin da aka rubuta gaskatawa take."

"To da me za ta yi? Ai gaskiyar ce."

Ba yadda ta iya, haka Munira ta shigar da gyare-gyarensa cikin na'ura. Ranar gwaji aka cika zauren ƙungiya a Kiyawa da hantsi. Dakta ya yi jawabi har shayi ya huce, ya sanar cewa shi ya koya wa na'ura ladabi. Sai Baffa Arzika, dattijo daga Buji, ya tura tambayar farko: an yi ruwan farko, ya shuka gero ko ya jira?

Wayar Dakta ta yi ƙara. Ya yi murmushi, ya ɗauka taya murna ce. Wani ya tambayi tarin akuyarsa, wayar ta sake ƙara. Wata ta tambayi ganyen wakenta da ke murɗewa, ƙara dai. Ita na'ura ba ta je biki ba, ba ta san kirari ba. Ta karanta bayanai biyun farko ba ta gane aikinsu ba, ta karanta na uku ta ga an ce a fara da shi, ta yi biyayya. Kafin ka ce me, aljihun Dakta sai rawa yake.

Baffa Arzika ya miƙe. "Dakta, na'ura ta ce kai za ka faɗa mini. Irin da nake da shi ke nan, in na zuba ƙasa ta bushe, shekarata ta tafi. In shuka?"

Dakta ya leƙa taga, ya daɗe yana nazarin sama. "Wato, Baffa, shi al'amarin damina yana da fuskoki da dama..."

"E ko a'a, Dakta?"

Wayar ta sake ƙara. Mutane suka fara laluben takalmansu. Munira ta yi maza ta mayar da bayananta biyu yadda suke, amma na ukun ta tura wa Dakta kwamfutar gabansa, tunda shi ne mai tantancewa. Da yatsa ɗaya, Gagara-Kwamfuta ya buga: "Wannan mutum bai san noma ba. Kada a kira shi."

Baffa ya sake tura tambayarsa. Amsa ta zo nan da nan: hasashe ya nuna ruwan zai ɗauke na ɗan lokaci, ya jira tukuna. Dattijon ya gyaɗa kai, masu takalma suka koma suka zauna.

Har yau wayar Dakta lafiya lau take, ba mai damunta. A duk bayanan da ya tantance a rayuwarsa, wannan ne kaɗai na'ura da manoma suka gane a karatu ɗaya. Shi dai bai ba shi maki ba, jan biron ma a Kiyawa ya manta shi.