Ranar da na kama ɓarawon ɗalibai a Kagara

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Kagara ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran abin da ke kaina. Lokacin shekarata bakwai ina shugabancin kwamitin makarantun yankinmu. Daga Goronyo har Wurno an san ni da magana ɗaya: a kai yara makarantar gwamnati. Har a wurin suna nakan karɓe lasifika (ba wanda ya taɓa miƙo min ita, ni ke karɓa).

Da madatsar ruwa ta kawo noman rani, azuzuwa suka fara zama wayam duk lokacin dashen albasa. Ranar na shiga aji shida na tarar da yara tara kacal. Hedimasta, Malam Bello, ya ce sauran suna gonar mutum ɗaya. Raina ya ɓaci, na tara mai unguwa da iyaye, na ce mu je mu ga marar kunyar nan ido da ido.

Malam Bello ya ja hannun rigata. "Shugaba, ka bari mu yi magana daga gefe."

"Babu gefe ga ilimin ɗiyan talakawa!" na ce da ƙarfi don kowa ya ji.

Muka bi bakin hanyar ruwa, ina gaba ina zuba wa'azi. Da muka wuce wata tsamiya sai na ga kamar na san wurin. Da na hango injin ban ruwa mai jan fenti, wanda ni da kaina na sayo a Sakkwato, sai na tsaya cak: gonata ce. Ga yara sun fi ashirin, sun duƙa cikin laka da kayan makaranta. Ga kuma ƙanena Sani, wanda na bar wa kula da gonata, ya taho yana washe baki.

"Yaya, sannu da zuwa! Mi ya faru kunka taho da jama'a haka? Kai kac ce in gama dashe kamin a rufe ruwa, ko da wa zan samu. To ga su na samu."

Innalillahi! Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi min ciwo. Mai unguwa ya gyara murya ya ce, "Shugaba, ci gaba da bayani, muna saurare."

Bayanin me? Na sallami yaran suka koma aji, na tuɓe babbar riga na shiga lakar. Kwana huɗu ni da Sani muna dashe, rabin irin ya bushe kafin mu kai gare shi, bayana kuwa har yau bai yafe min ba.

Ban daina yi wa iyaye faɗa a kan makaranta ba. Sai dai yanzu, kafin in tambayi inda yaran gari suka shige, nakan fara leƙa gonata.