Likitan Zukata da Akwatin Koke

Allah ya yi wa makarantar nan gata da ya ba ta Likitan Zukata. Da can malamin lissafi ne kawai, mai murɗe kunne da farin alli a aljihu. Sai aka tura shi taron bita na kwana uku kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. Kwana biyu ya yi yana gyangyaɗi a bayan zaure, a na uku ya farka ya karɓi takardar shaida. Ya dawo da sabon tabarau, da sabuwar tafiya, da sabon suna da ya raɗa wa kansa. Ɗalibai kuwa, don tsabar ƙauna, Lasifika suke ce masa.

Ya sa aka kwashe tsintsiyoyi daga wani ɗan sito, ya rubuta "Ɗakin Sauraro" a ƙofa. Sunan ya dace ƙwarai. Duk yaron da ya shiga da damuwa sai ya saurari Likita na awa guda, ya fito da damuwarsa, ga ciwon kai gyara.

"Ni zuciyar matashi," in ji shi a ɗakin malamai, "na san ta kamar yunwar cikina. In ga tafiyar yaro, in gaya maka mafarkin da ya yi."

Da mai kula da laburare ta kawo kukan yara sun rage karatu, nan take ya gano cutar. Ya kwashe littattafan labari, wai suna lalata tunani, ya jera ƙasidarsa, "Hanyoyi Goma Sha Bakwai na Son Karatu", da hotonsa gaba da baya. Ƙasidar ta samu karɓuwa. Bangonta na da kauri, ta yi daɗin fifita a aji.

A gida, 'yarsa ta fari, mai shekara goma sha biyar, wadda ke aji huɗu a makarantar, ta zama wata iri. Yarinyar da sai an ƙwace littafi a hannunta take cin abinci, yanzu cokali biyu, ta koma ɗaki ta rufo ƙofa.

"Baban yara," in ji uwar wata safiya, "yarinyar nan fa ba daidai take ba. Jiya na tarar da ita da littafi a buɗe, shafi ɗaya tun safe, hawaye na zuba."

"Sangarta ce. Na yi bayaninta a babi na shida. Miƙo min hulata, mutane na jirana."

A makon ya rataya akwati a baranda, ya ce kowa ya jefa abin da ke ransa, ban da suna. Ranar da sufeto ya zo daga ofishin ilimi, Likita ya ga damar nuna gwaninta. Ya hau dandamali a taron safe, ya buɗe akwatin gaban kowa, ya zaro takarda ya gyara murya.

"Ni ɗaliba ce, wata uku ke nan ba na iya karatu. In na kalli rubutu sai ya yi ta yawo, ƙirjina ya yi nauyi. Ina jin kamar ba ni da amfani. Babana bai taɓa tambayata me ke damuna ba. Sau biyu na fara gaya masa, ya ce yana sauri."

Likita ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya saci kallon sufeto.

"Kun ji jahilci! Wannan ba uba ba ne, ɗan haya ne a gidansa! Irinsu ne suke ja mana wahala, mu masana. Wadda ta rubuta, kada ki ji tsoro, 'yata. Ki kawo min shi gobe, in wanke shi tas, in koya masa yadda ake sauraron ɗa!"

Ya tsaya jiran tafi. Sai wani hannu ya ɗago a hankali daga layin 'yan aji huɗu. Yarinyar ta yi magana, har na baya sun ji.

"Baba, a ofis zan kawo maka shi, ko ka fi son ku haɗu a gida?"

Sufeto ya duƙa yana rubutu. Mai laburare ta ratsa layi, ta rungume yarinyar, ta ja ta gefe. Likitan Zukata ya mayar da takardar cikin akwati, ya sauko daga dandamali.

Tun da aka gina makarantar, ba a taɓa tashi daga taron safe da wuri kamar ranar ba.