Rasuwar Janar, Portabul Mai Maki Dubu Tara

Salamu alaikum mutanena na Gure da na waje. Ku gyara zama, yau labari gare ni, kuma duk wanda ya sa alamar dariya a ƙasa na ga sunansa.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa mai cike da ƙuna, ni Boyi, a madadin ƴan fadarmu ta shayi da ke bayan tasha, nake sanar da rasuwar Janar, tsohon portabul ɗina, wato wayar hannu, wanda ya cika jiya da rana tsaka a bakin daga, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar azaba.

Marigayi bai iya ɗaukar hoto ba, kira ma sai an hau katanga. Amma akwai wasan eshek a cikinsa, darar nan ta Nasara mai sarki da sarauniya da dawaki, kuma a nan ba shi da imani. Ya karkashe wa Husseini tela sojoji, ya fille kan sarauniyarsa, ya bi sarkin har lungu ya shaƙe. In ya ci doki sai ya ce “ƙwas”. In ya gama da kai ya ce “tilin-tilin”, kamar mahauci na kiran akuya ta gaba.

Dokar fadarmu, wanda ya sha kashi shi ke fifita gawayi ya wanke kofuna. Ni kuwa duk mai son karawa da ni sai in ce ya fara da yarona Janar, don haka hannuna ya manta kamannin mafici. Kuma duk mutumin da ya kayar muna ƙara masa maki ɗari, har ya kai dubu tara.

Ajali ya shigo ne a aljihun Fadilu, ƙanen Husseini, da ya zo hutu daga jami'ar Damagaram. Ya ji dubu tara, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce masu auna ƙarfin irin waɗannan manhajoji haɗa su suke yi da junansu, inji iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, wasa dubbai. Tazarar makin da ke tsakaninku ita ke faɗin abin da ake zaton za ka ci: wanda ya fi ka da ɗari biyu, ana sa ran ya kwashe kashi uku cikin huɗu. Ka wuce zato a ƙara maka, ka gaza a zaftare. Ka kayar da ƙato ka tashi da kaya, ka kayar da irin su Husseini, maki ɗaya ma da ƙyar. Wai dodannin duniya ma ba su kai dubu huɗu ba.

“Yaya Boyi, kaji Janar ɗinka ya yi ta yankawa, bai taɓa ganin bijimi ba.”

Na ce ya fito da wayarsa, a haɗa eshek ɗinta da Janar. In Janar ya faɗi, ni da gawayi har damina ta sauka.

Aka aje wayoyi biyu bisa tabarma, abin da wannan ya taka mu kwafa wa wancan. Jama'a, ba wasa aka yi ba, fawa aka yi. An farke masa tsakiya, an karya ƙafafun dawakinsa, an jawo sarauniya ta gashi an yanka a gaban mijinta. Aka sake, aka sake. Fadilu ya ce tun da ko kunnen doki ɗaya Janar bai samu ba, lissafin ma ya ƙi fita, sai dai a ce tazarar ba ta da iyaka. Na rantse ba a tashi sai ya samu wannan kunnen dokin ɗaya, na maƙala masa sharja, na ce a ci gaba.

Marigayi ya yi ta tunani cikin rana har jikinsa ya yi zafin murhu. Sai cikinsa ya kumbura, marfin baya ya ɗaga. Muktar, abokinmu makiyayi da ya zo daga Alakos cin kasuwa, ya ce iska ce, haka saniya ke yi in ta ci ɗanyen haki, huda ta ake ta huce. Kafin in buɗe baki ya zare wuƙa ya soka wa batir.

Janar ya ce “fuuu”. Wuta ta yi tsiri, hayaƙi ya turnuƙe, tabarma ta kama, Husseini ya tsallake buta ya faɗa kan murhu, girar Muktar ta hagu ta riga marigayi tafiya. Na kai hannu in cece shi, shi ne yatsan nan.

Ya rasu lissafin makinsa bai fita ba. Ya bar sharja ɗaya mai ɗaurin roba, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da layi biyu da suka ƙone tare da lambar budurwata Balkisa, da ni.

Za a ɗauki gawa gobe bayan la'asar zuwa rumfar mai gyaran waya ta bakin kasuwa, ya ciri abin da zai ciru, sauran a turbuɗe cikin rairayi nesa da awaki. Zaman makoki a fada. Kada kowa ya zo da waya mai eshek. Shayin zaman ni zan dafa, kuma Muktar ya aiko cewa tun da shi ya yi wa marigayi jinyar ƙarshe, kofin farko nasa ne.

To mutanena, da ku ne riƙe da butar nan, sukari za ku zuba masa ko barkono?