Sa Hannun Malam Lawal

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ba ni hedimasta ba, ko da kuwa ina son in manta (kuma wallahi ina so). Firamare ce 'yar madaidaiciya a ƙasar Kusada, aji shida, malamai tara. Ni kuwa a Kankia nake zaune. Kullum da safe in karkata hula in hau mashin, ina jin duk wanda na wuce a hanya ya san an ƙara mani girma.

Abu guda ya hana ni sakewa, shi ne mataimakina, Malam Lawal. Dattijo ne, ya kusa haifata, shekara biyu suka rage mashi ya yi ritaya. Gidanshi na bayan makarantar, a hankali yake takowa saboda ciwon gwiwa. Shi ya riƙe makarantar wata da watanni kafin a turo ni, kowa kuma ya ɗauka shi za a ba kujerar. Sai ga ni da takarda a hannu.

Ina da aboki a Kankia, Sada, mai shagon hoton takardu. Ran da na ba shi labari ya ajiye aikin da yake yi ya ce, "Ka yi hankali da tsohon nan. Wanda aka tsallake ba ya yafewa. Zagon ƙasa zai yi maka, yana yi yana gaishe ka." (Sada bai taɓa jan ko sallar mutum biyu ba, amma a wurinshi nake ɗaukar darasin shugabanci. Ku duba fa.)

Don haka a taron malamai na farko na miƙe na gyara murya na ce, "Ni ba a koya mani aiki. Mai gyara ya riƙe abinshi." Malam Lawal ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya taya riƙo, Yallaɓai." Ni kuwa a raina na ce, ka ji makirci.

Duk ƙarshen wata akwai rahoton da ake kai wa ofishin ilimi a Kusada: yara nawa, maza nawa, mata nawa, wane malami ya zo, wane bai zo ba. Fom ɗin yana cikin durowar Malam Lawal. In tambaye shi? Ni? Haba. Sada ya ce, "Fom? Ai hedimastoci nan suke kawowa ina buga masu, ga su nan jibge." Ya ɗebo mani dami guda. Na cika, na sa hannu, na buga hatimi da ƙarfi har tebur ya motsa.

A al'adar wurin mataimaki ke kai rahoton. Da na miƙa mashi, ya daɗe yana kallon takardar.

"Yallaɓai, wannan fom ɗin..."

"Me ya yi?"

"A'a, dama..."

"Malam, kaiwa aka ce ka yi, ba dubawa ba."

"To, Yallaɓai."

Daga nan na sa mashi ido. Na lura duk ran da na ba shi rahoto ba ya tafiya nan take. Sai ya shige aji shida lokacin hutun tara, ya turo ƙofa, ya yi kusan rabin awa. Malamai su gan ni su kau da kai. Wata rana na kasa haƙuri, na zagaya ta baya na taka bulo na leƙa ta taga (e, hedimasta guda, da babbar riga, a kan bulo). Ga shi nan ya duƙufa yana rubutu, yana yi yana waiwayen ƙofa. Da na gaya wa Sada sai ya tafa hannu: "Ban gaya maka ba? Ƙararka yake rubutawa!"

Tun daga nan komai ya yi sai na ga da manufa. In ya riga ni zuwa, so yake a ce ina makara. In ya gaishe da iyayen yara, jama'a yake tarawa. Ran da ya kawo mani gyaɗa daga gonarshi ma ban ci ba, a jakar mashin ta kwana har ta yi laushi.

Bayan wata biyar na je ofis karɓar alli. Akawun ofishin ya fita, ga fayil ɗin makarantarmu a kan teburinshi, sai hannuna ya buɗe shi. Innalillahi! Rahoto biyar, duk da rubutun Malam Lawal. A ƙasan kowane an sa: "Lawal, a madadin hedimasta." Nawa ko ɗaya babu. Ashe jefar da nawa yake yi, yana nuna wa ofis shi ke riƙe da makarantar, ni hoto ne kawai! Ko allin ban tsaya karɓa ba.

A shagon Sada muka rubuta ƙara, shafi uku, shi yana ƙara gishiri ni ina cewa sa. Na roƙi a ɗauke mani shi. Bayan sati biyu takarda ta fito, an mai da Malam Lawal wata makaranta can wajen Kaikai. Ya zo ya yi mani sallama, ya ce in ya yi mani laifi in yafe. Na ce "ba komai" ina kallon gefe, irin na manya.

Ƙarshen watan ya zo daidai da taron hedimastoci. Na ce yau za a ga rubutun mai makaranta. Na bari sai da ɗaki ya cika, sannan na taka har gaban Sakatare, babbanmu na ofis, na miƙa mashi da hannu biyu.

Ya gyara tabarau. Ya duba sama, ya dube ni, ya sake duba sama.

"Malam, yaushe aka ɗauke makarantarku aka kai ta Kankia ba a sanar da ni ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe?"

Ya ɗaga takardar ya karanta kanta da ƙarfi. Sunan ƙaramar hukumar Kankia ne ɓaro-ɓaro, da manyan baƙaƙe. Fom ɗinsu ne, ba namu ba, layukan ma ba iri ɗaya ba ne. Shi ya sa na zuba lissafin yara mata a gurbin malamai, na ba makarantarmu malamai tamanin da wani abu. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani tsohon hedimasta har da share hawaye yana cewa, "Ku ara mana goma mana!"

Sakatare bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun yaushe kake cika wannan?"

"Wata... wata shida, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya ajiye. "To yanzu na gane. Na kira Malam Lawal na tambaye shi dalilin da yake sa hannu a madadinka. Sau uku ina tambaya. Abin da ya ce kawai, in hedimasta ba ya son aiki da shi a kai shi ko'ina."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Na gwammace dariyar, wallahi. Gumi ya karyo mani har cikin hula, na rasa inda zan sa idona.

Washegari na nufi wajen Kaikai. Na same shi a aji yana koyar da 'yan aji biyu, ya dafa tebur saboda ƙafar. Na fara kame-kame, sai ya buɗe jakarshi ya ciro takardu biyar a ninke, masu hatimina.

"Ga su, Yallaɓai. Ban bar su a makaranta ba, kada wani ya gani."

Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mani?" (Ranar na fara ce mashi Baba.)

Ya ce, "Ka ce mai gyara ya riƙe abinshi. Na riƙe."

Na koma ofis na yi ta roƙo a dawo da shi, amma an riga an cike gurbinshi, can kuma suna bukatar malami. A can ya ƙarasa shekara biyun, kullum a bayan ɗan acaba, rani da damina.

Abin da na koya shi ne, shugaban da ya rufe bakin mutanenshi zai ji kuskurenshi dai, amma a gaban taro, kuma ba shi kaɗai zai ɗanɗana ba. Ni kunyar yini guda na sha. Har yau in aka ce in tashi in yi wa sababbin hedimastoci jawabi kan riƙon ma'aikata, sai in ce maƙogwarona na ciwo.