Zango Bakwai da Rediyo Ya Gina

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe tara na safe, na tsinci kaina tsaye a bakin titi, hannu a ƙugu, ina kallon wani ƙaton allo mai hoton banɗaki. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Ga famfo yana zubo da ruwa, ga wata mata tana wanke hannu tana murmushi. Banɗakin ne dai babu. Bayan allon ciyawa ce iya ganinka, sai bulo huɗu da wata akuya a kai tana tuƙa. A cikin mota kuwa mutum uku sun zuba min ido: mai ɗakina, da autarmu, da surukata Iya, wadda dominta aka yi tafiyar.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na kai kaina nan.

Ni mai gyaran rediyo ne, shekara ashirin da shida ke nan. Duk rediyon da na gyara sai na kunna na gwada, saboda haka ina jin labarai fiye da mai karanta su. Babu aikin da manyanmu suka buɗe ban halarta ta kunne ba. A shekara biyar ɗin nan na ji an buɗe zangon matafiya na zamani har guda bakwai a hanyar da ta nufi duwatsu. Na ji jawabi, na ji tafi, har ƙarar ruwa na ji yana zuba daga famfo, don a kowane biki sai ɗan jarida ya kai makirfo bakinsa. Duk wanda aka buɗe sai in rubuta a bayan kwalin batir, da nisansa daga gari, in maƙale a bango.

To, Iya ta haura tamanin, kuma ƙanwarta tana zaune can kan duwatsu, rabonsu da ganin juna shekara tara. Tafiyar yini ce guda. Likita ya yarda a je, amma da sharaɗi: ta riƙa shan ruwa, ta sha ƙwayarta ta hawan jini a kan lokaci, kuma tunda ƙwayar tana sa yawan zagayawa, a tsaya mata duk bayan awa biyu.

Mai ɗakina ta ja ni gefe tun ana saura kwana uku. Ta ce, "Baban yara, ka san halin Iya. Ko za ta mutu ba za ta buɗe baki ta ce maka a tsaya ba, kuma ba za ta tsuguna a bakin hanya ba. In ba ta ga wuri mai ƙofa ba, ruwan za ta daina sha, da maganin gaba ɗaya."

Na ciro kwalina daga bango na kaɗa mata. Na ce, "Kwantar da hankalinki. Guda bakwai ne, sai wanda ta zaɓa."

Maƙwabcina direban tirela ne, a kan wannan hanyar gashinsa ya yi fari. A layin mai muka haɗu, inda na yi yini biyu ina tura mota taku-taku, na nuna masa kwalin don ya yaba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya miƙo min.

"Maƙwabci, bar wannan a gida. Inda ka ga manyan motoci sun jeru, nan za ka tsaya. Mu ba ma tsayawa inda babu ruwa."

Na ce, "Haba dai! Surukata guda zan sauke cikin hayaƙi da baƙin mai? Wurin hukuma zan kai ta, mai tayil."

Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma motarsa yana dariya ƙasa-ƙasa. A raina na ce mutumin nan ba ya sauraron labarai.

Wannan allo mai akuya shi ne zango na farko. Na dawo mota ina kame-kame, na ce wataƙila ginin yana can ciki, ciyawa ce ta tare. Iya ta ce, "Ba komai, ɗan nan, mu je," muka ci gaba.

Zango na biyu kam akwai shi, har sai da na yi hamdala a fili. Gini ne fari fes, da katanga, da ƙofar ƙarfe, da ƙaton kwaɗo a jikinta. Wani dattijon mai gadi ya taso daga ƙarƙashin bishiya yana gyara hula.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Tsohuwa muke tare da ita, a taimaka a buɗe mana."

"Ai da ina da makulli da ni na fara shiga, Alhaji."

"Ina makullin yake?"

"Ranar biki Mai Girma ya buɗe, aka yi hoto, ya rufe, ya jefa a aljihu. Sai aka yi masa ƙarin girma ya tafi da rigar."

"Ba wanda ya tambaye shi?"

"An rubuta takarda. An ce an kafa kwamiti."

"To kai ina kake zagayawa?"

Ya nuna min bayan katanga da haɓa. Shekara uku ke nan yana gadin banɗaki goma sha biyu, bai taɓa ganin cikin ko ɗaya ba.

Muka sake kama hanya. Mun wuce wurare biyu da tireloli suka jeru, mai ɗakina ta kalle ni, na yi kamar hankalina yana kan ramukan titi. Girman kai ne, na sani, amma kwalina yana cewa saura kilomita sittin a kai na uku, kuma na ukun nan Mai Girma Uban Almakashi, gwanin yanke ƙyallen buɗe aiki, da kansa ya ce babu irinsa.

Muka isa wajen ƙarfe ɗaya. Ƙofa a buɗe! Na fita da sauri har ina tuntuɓe, na ce bari in fara dubawa kafin a sauko da Iya. Na leƙa ɗaki na farko: tayil har rufi, sai rami a ƙasa, sai ƙusoshi huɗu a bango. Babu famfo, babu abin zama, ƙyauren ma babu. Na biyu haka, na uku haka. Wani ma'aikaci yana zaune a baranda da rajista a gabansa, ya ce in sa hannu tukuna.

Na ce, "Ɓarayi ne suka yi muku wannan aika-aika?"

Ransa ya ɓaci. "Wane irin ɓarayi? Kayan hukuma ne, hukuma ta kwashe abinta. Ai saiti ɗaya ne, Alhaji. In an gama biki a nan sai a kwance a kai na gaba. Ruwan ma tanka ce take bin su da shi."

"To yanzu suna na bakwai ke nan?"

"A'a, suna sito. Ana jiran na takwas."

Jama'a, ashe famfo ɗaya na ji sau bakwai! Shekara ashirin da shida ina gyara wa mutane rediyo, ina gane lasifikar da ta fashe daga ƙofar shago, amma ban gane muryar famfon nan ba.

A nan dole in tsaya in yaba wa manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da aljihu mai zurfi. Ana ta cewa suna almubazzaranci, ga shi kuwa sun nuna mana tattali: famfo guda ya wadatar da hanya sukutum. Mai Girma Garkuwan Matafiya, wanda bai taɓa bin hanyar nan ba sai da jiniya, ya san cewa tsayawa ɓata lokaci ne. Ko ba komai ya koya wa talaka juriya, kuma kyauta.

Ina dawowa mota na tarar da abin ya wuce wasa. Auta ta ɗago gorar ruwan Iya ta nuna min, cike take har wuya. Ta ce, "Baba, tun da muka fito ko kurɓi ba ta yi ba. Ƙwayar ma ga ta nan ƙulle a bakin gyalenta."

Na juya. Leɓen Iya ya bushe, idanunta sun faɗa, ta jingina kai da gilashi.

Na ce, "Iya, don Allah ki sha ko kaɗan ne."

"Ba na jin ƙishi, ɗan nan."

Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Tsohuwa ta yarda ta galabaita a bayan motata da ta faɗa min abin da ke damunta, ni kuwa ina fama da kwalin batir. Mai ɗakina ta ce, a hankali, ba faɗa, "Baban yara, duk wurin da muka fara tararwa a gaba mu tsaya, ko wane iri ne." Na ce to.

Ba mu yi minti ashirin ba, daidai inda hanya ta fara hawa, sai ga tireloli biyar a jere. Rumfar mai faci ce, da tulin tsofaffin tayoyi, da teburin shayi a gefe. Ga hayaƙin, ga baƙin man, duk abin da na raina yana nan. Na faka.

Kafin in kashe mota matar mai facin ta baro tukunyar shayinta. Kallo ɗaya ta yi wa bayan motar ta gane. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da hanya, Iya. Zo mu je ki ɗan wanke ƙafa, zaman mota ba daɗi." Ta kama hannunta suka zagaya bayan rumfa. Daga baya na leƙa: ɗan ɗaki ne na langa-langa, da ƙofa mai sakata, an share shi tas, ga duro cike da ruwa, ga buta, ga guntun sabulu a murfin gwangwani. Har igiya aka ɗaura a bango don tsoho ya kama ya miƙe.

Da Iya ta fito sai ta zauna a benci cikin direbobi, ta kwance bakin gyale, ta haɗiye ƙwayarta. Ta sha ruwa kofi ɗaya, ta miƙa aka ƙara, ta sake miƙawa. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronta yana motsi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da ta sha shayi da burodi baki ya buɗe, har tana tsokanar wani direba wai tumbinsa ya fi tayarsa.

Na tambayi mai facin wanda ya gina musu wurin. Ya ce shi ya haƙa, kwana huɗu, don matarsa ta dame shi da cewa mata matafiya suna shan wuya. Ruwan kuma da tiyo ya jawo daga wani idon ruwa a gindin dutse.

Na ce, "Wane babban mutum ne ya zo ranar da aka fara amfani da shi?"

Ya ɗan yi tunani. "Wata tsohuwa ce daga motar haya. Ita ta fara shiga."

Za mu tashi Iya ta kira ni. Shekara talatin ina auren 'yarta, ba ta taɓa ba ni umarni kai tsaye ba sai ranar. Ta ce, "Ɗan nan, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma a dawowa nan za mu tsaya."

Mun isa kan duwatsu da sauran rana, iska mai sanyi tana kaɗawa. Iya ta sauka da ƙafarta, ƙanwarta ta fito ba takalmi, suka rungume juna suna kuka suna dariya, kowace tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa.

Na san za ku tambaye ni inda rumfar mai facin nan take. Ku yi haƙuri, ba zan faɗa ba, don an ce manya ma suna karanta wannan shafi. Ku dai bi tireloli. In Allah ya sa kun dace da wurin, ku shiga ku fito shiru, kada wani ya ji labari ya zo ya buɗe mana shi.