Iskar da Ta Bar Bututun Gidana

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja,
Babban Jami'in Kula da Ƙarfin Ruwa,
Ofishin Ruwan Famfo, hawa na biyu, ƙofar da ke hannun dama.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da duk masu hatimi da ke ƙarƙashinka, ina roƙon arziki ka ba ni aron hankalinka. Ni ma'aikacin maɗaba'a ne. Shekara goma sha tara ina wuni a tsakanin injuna masu rugugi, ban taɓa kai ƙarar ƙara wurin kowa ba. Yau na kawo.

Ga abin da ke gabana. Mahaifiyata, Inna, ta ɗaure jakarta. Wata huɗu ke nan da na shawo kanta da ƙyar ta baro tsohon gidanmu, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Idonta na hagu ya tafi, na dama yana shirin bin sa, gwiwa kuma sai a hankali. Yanzu ta ce ranar Asabar ƙanena ya zo da mota ya mayar da ita can. Sanadin kuwa, da izininka, ruwanka ne.

Na ɗaya. Ba kukan rashin ruwa nake yi ba, Allah ya raba ni da butulci. Ruwa kam kana aiko mana, har da gudu, kamar wanda aka biyo. Duk wanda ya rufe famfo a gidana sai bango ya amsa masa: gwaf, gwaf, gwaf! Injin wanki ya sha ya ƙoshi ya datse, gwaf. Tankin ban ɗaki ya cika, gwaf. Agogon falo ya karkace sau huɗu, na daina gyara shi, yanzu a karkace muke duba lokaci. Ranka ya daɗe, ruwan sha muka nema ko maƙeri? Idan kyauta ce ofishinka ya haɗa mana da ita, mun gode, amma ta yi yawa.

Na biyu. Inna ta ɗauka baƙi ne. Da safe ni na tafi aiki, maiɗakina ta tafi kantin maganin da take aiki, yara sun tafi makaranta. Inna ta wanke kofinta ta rufe famfon kicin, sai ta ji ƙwanƙwasa. Ta lalubi sanda, ta gyara mayafi, ta kama hanyar ƙofa tana cewa ana zuwa, ana zuwa. Ta buɗe, babu kowa. A rana ɗaya sai ta yi wannan tafiya sau bakwai. Har ta tare maƙwabcinmu mai sayar da taya, dattijo da furfurarsa, ta ce masa girma ya kama shi, ya daina wasan ƙwanƙwasa ƙofa yana gudu. Bawan Allah ya ba ta haƙuri a kan laifin da bai san da shi ba. Wa zai biya shi mutuncinsa?

Na uku. Na zo ofishinka da ƙafata. A teburin farko aka yi mini bayani cikin ladabi cewa ruwa naku ne har zuwa mita, daga mita zuwa ciki kuwa nawa ne. Na ce to, ƙarar fa, ta wace ce? Aka tura ni teburin ƙorafi. Wata baiwar Allah ta miƙo mini takarda mai gurbi uku: babu ruwa, ruwa ya yi datti, bututu ya fashe. Na ce nawa bai fashe ba tukuna, duka kawai yake sha. Ta ce ai shi ke nan, in ajiye takardar a wuri mai kyau, ranar da ya fashe sai in cike gurbi na uku. Ina yaba wa ofishinka da wannan hangen nesa.

Na huɗu. Na ɗauko mai gyaran famfo, wani da ake ce wa Sifana, mutum mai sanin aiki da rashin sanin inda zai yi shiru. Ya kafa kan sukudireba a bango, ya sa kunne a ƙotarta. Ya ce in rufe famfo da sauri, bango ya buga. Ya ce in rufe a hankali, shiru. Ya ɗaura ma'auni a famfon tsakar gida, allurar ta tafi har ƙarshe ta jingina tana rawa. Ya janye kabad ɗin kicin, sai ga bututu yana lilo, maɗaurinsa ya yi tsatsa ya karye. Duk wannan Inna tana zaune a kan kujera tana saurare. Sifana ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce: “Maigida, maganar gaskiya, matsalar iska ce.”

Kofin da ke hannun Inna ya faɗi. Ranka ya daɗe, kai mai ilimi ne, ka san iskar da yake nufi, wadda ni da kai muke shaƙa. Inna kuwa ɗayar ta ji. Ta ce ai dama ta faɗa a ranta: wane irin baƙo ne zai ƙwanƙwasa da rana tsaka, ka buɗe ba ka gan shi ba? Ta ce wata huɗu tana yi wa abin da ba mutum ba maraba, har tana gyara masa mayafi.

Na biyar, kuma nan ne na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa Sifana ya yi wa Allah ya fayyace mata. Ya gyara tsayuwa. Ya ce a'a Inna, ba ki gane ba, ba shiga ta yi ba, fita ta yi. A bayan kowane famfo akwai ɗan guntun bututu a tsaye, bakinsa a toshe, iska ce ke zama a ciki. Idan ruwa ya taho a guje aka datse shi, ita ce ke tare shi kamar matashin kai. To ƙarfin ruwan ya yi yawa, a hankali ya cinye wurin, iskar ta tafi, shi ya sa ruwa ke dukan ƙarfe. Magani shi ne a dawo da ita.

Inna ta juyo da idonta mai gani ta dube ni. Ta ce wato da tana nan, Allah ya taimake ku ta fita da kanta, shi ne za ku dawo da ita da hannunku? Ta ce don wannan ta sa ni a makaranta? Sifana, don ya kwantar mata da hankali, ya ƙara da cewa ai kowane gida na kirki yana da ita, gidan likita ma jiya-jiya ya sa musu guda biyu. A nan Inna ta tashi ta ɗaure jaka, ta sa aka kira mata ƙanena a waya. Ina tambaya cikin girmamawa: da ofishinka ya aiko ruwa daidai misali, da wace iska za ta fita, balle a yi maganar dawo da ita a gaban tsohuwa?

Na shida. Aikinka muka yi maka ranar Talata. Inna ta ƙi zama a ciki, ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida. Muka rufe babban famfo na bakin mita. Muka buɗe duk famfunan gidan, tun daga na wanka har na tsakar gida da ya fi kowanne ƙasa, ruwa ya tsiyaye tas. Bututai suka fara zuƙar iska suna fito, fiii, Inna tana waje tana ƙara ƙarfin addu'a. Sifana ya ɗaure bututun kicin da sabon maɗauri, ya sa masa roba, ya kuma ɗaura abin rage ƙarfin ruwa a bayan mita. Muka rufe famfuna, muka saki ruwa. Na datse na kicin da dukan ƙarfina. Shiru. Wallahi har rungume Sifana na yi.

Na bakwai. Jakar ba ta kwance ba. Jiya Laraba na dawo daga aiki na tarar da Inna a bakin gado, hannu a kan sanda, mayafi a kafaɗa. Na durƙusa na ce Inna, an gyara, ko kin ƙara jin wani abu? Ta ce ba ta ji ba, tun safe ba ta ji komai ba. Na ce to me ya rage? Ta juya fuskarta wajen ƙofa. Sannan ta ce: “Da dai akwai mai ƙwanƙwasawa. Ko mece ce, ta san ina cikin gidan.”

Ranka ya daɗe, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauko uwata daga gidan da take ita kaɗai, na kawo ta gidan da take ita kaɗai, na ɗauka na yi abin kirki. Ƙorafi shida na farko naka ne, ban janye ko ɗaya ba. Na bakwan nan na duba ko'ina in ga wanda zan ɗora wa, ban samu kowa ba sai mai rubutun.

Yau Alhamis na roƙi shugaban aikinmu hutun rabin awa da rana. Na hau babur na zo, makulli yana aljihuna, na tsaya a ƙofar gidana na ƙwanƙwasa. Na ji sanda tana tahowa. Ta buɗe, ta ƙare mini kallo, ta ce hannuna bai kai na waccan ƙarfi ba, amma in shigo. Jakar tana nan a ɗaure, sai dai ta zaro rediyonta ta ɗora a taga. Gobe ma zan zo. Asabar kuwa sai abin da ta ce.

Allah ya ƙara maka girma, ya rage wa ruwanka.

Naka mai biyayya har inda biyayya ta ƙare,
Ɗan Inna,
gidan ƙarshe a layin, mai sabon maɗauri.