Akwatin Sifikar da Ya Tona Min Asiri a Aujara

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Aujara ba, ko da tsufa zai sa in manta sunan 'ya'yana. Ni kafinta ne a Dutse, shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a. Boko aji huɗu na tsaya, amma in dai katako ne ban taɓa zaton zai kunyata ni ba.

Akwai wani Oga Bitrus, mutumin Filato, ma'aikaci ne a sakatariya, ƙarshen mako kuma yana kai kayan sauti gidajen biki. Shi ya kawo min wata ƙatuwar sifika, irin mai bugun nan da ake ji a ƙirji, ya ce in yi mata akwati. Ya ja min kunne cewa jikin akwatin sai ya yi kauri sosai, in ba haka ba zai yi ta karkarwa. To, katako mai kauri ya yanke a kasuwa lokacin, sai fale-fale irin na bayan kabad. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan manne uku-uku da gam su koma ɗaya.

Yadda ake yi na sani sarai. Ana shafe fuskar kowane falle da gam tas, kada a bar ko wurin ɗora yatsa, a kifa su, a danne da nauyi kwana biyu. Ni kuwa ranar bayana na ciwo, ga kujerun wata makaranta sun taru a kaina. Sai na zagaya baki-baki da gam, na ja layi biyu a tsakiya, na kife. (Ka ga ai ba rashin sani ba ne, lalaci ne tsagwaronsa.) Na ari buhunan geron maƙwabcina guda huɗu na danne. Washegari da sassafe ya kwashe abinsa zai kai kasuwar Shuwarin. Ga damina, gam ko rabin bushewa bai yi ba. Na ƙwanƙwasa da yatsa, na ji kamar da rami a ciki, na yi kamar ban ji ba. Na buga ƙusoshi, na lulluɓe da baƙin kafet, ya fito kamar na kanti. Duk gwajin da na yi masa labaran rediyo ne, su ma a hankali.

Ashe bikin farko da akwatin zai je na autan Malam Haruna ne, maigidana da ya koya min riƙon zarto, wanda muke kira Baba. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Ya tsufa ya koma gida Aujara, kuma ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Oga Bitrus, da kyakkyawar niyyarsa, ya gaya wa Baba cewa ni na yi akwatin. Shi ke nan tsoho ya kama hannuna yana zagayawa da ni wurin surukansa da suka zo daga Ringim, yana gaya musu duk yaran da ya yaye babu kamata, wai hannuna hannunsa ne. Ni kuma ina sunkuyar da kai irin na masu kunyar yabo.

Bayan la'asar aka sa kiɗa. Da farko lafiya lau. Da abokan ango suka shiga fili suka ce a ƙara, Oga Bitrus ya murza. Abin da ya fito daga akwatin nan, a yi min afuwa, irin ƙarar da mutum kan yi ce in ya ƙoshi da wake, sai dai wannan ta raƙumi ce. Duk bugu ɗaya sai ya sake. Wani mai tumbi da ke zaune kusa da shi ya miƙe da sauri ya sauya kujera, don kada a zarge shi. Mata a ƙofar gida suna rufe baki da mayafi. Oga Bitrus sai taɓa wayoyi yake yana gumi. (Ni na san ba waya ba ce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.)

Baba ya taso da sandarsa, ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin, ya ce a kashe. Ya karɓi wuƙar mai yanka kankana, ya ɗaga gefen kafet. Bakin katakon ya riga ya buɗe saboda jijjiga. Ya zura wuƙar tsakanin fale-falen, ta shige har ƙota. Ya zaro ta ya duba, a bushe take ƙayau.

Ya ce, "Wa ya koya maka haka?"

Na ce, "Baba, damina ce."

"Damina ce ta hana ka shafawa a tsakiya?"

Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Juyawa kawai ya yi wurin mutanen Ringim ya ce, "Ku yi haƙuri, ɗazu na cika muku baki."

Da ƙananan sifiku aka ƙarasa bikin. Shinkafar da aka ajiye min ko buɗe ta ban yi ba. Na sake wa Oga Bitrus akwatinsa daga farko, kwana uku yana ƙarƙashin bulo, amma wannan ba shi ya dame ni ba. Wata uku Baba bai neme ni ba, in na kira gaisuwa ce kawai. Sannan ya aiko in yi masa ƙofar ɗaki, da sharaɗi: a tsakar gidansa zan yi, yana zaune yana kallo. Haka na je da furfurata na tsuguna ina shafa gam, tsoho yana nuna min da sanda inda na tsallake. Da na gama ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya ce ba laifi, in wanke hannu in ci tuwo.

Abin da na koya dai, kujera in ka ha'ince ta sai ta yi shekara tana rufa maka asiri. Sifika kuwa ba ta da wannan kunyar, da ma don ta tara mutane su ji aka yi ta.